Ƙafata Mai Rawa a Gwanzu

Na yi wata biyu a Gwanzu ban taɓa taka titin da ke bayan gidanmu ba. Ba nisa gare shi ba, daga tagar ɗakinmu ma ina hango masu sayar da lemo a bakinsa. Tsoro ne ya hana ni. Tunda na ɗauko labarin nan da niyyar faɗin gaskiya, gara in faɗe ta tun yanzu: ni Sunusi, mai shekara talatin da huɗu, mai mata da 'ya'ya uku, tsoron mutum ya zo ta bayana nake yi.

Ba a Chana na samo wannan ciwon ba, da abina na zo. Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Kunci, da damina ina gona, da rani ina kasuwar Dawanau. Da dako na fara, na yi shekara takwas buhu na hawa wuyana, har Allah ya haɗa ni da Alhaji Mamuda mai fataucin riɗi. Ya lura ina da ido. In na damƙi riɗi na murza a tafin hannu na shinshina, zan gaya maka ko an zuba masa yashi, ko ya sha danshi a sito. Ya ɗauke ni daga dako ya tsayar da ni tsakaninsa da 'yan Chanan da ke zuwa saye, a nan na tsinci ɗan yarensu, wanda bai wuce na ciniki da na zagi ba.

Wata Alhamis da la'asar na fito daga kasuwa zan hau motar gida, ina waya da matata Rabi, sai na ji hannu ya shaƙe ni ta baya. Samari biyu ne, waɗanda da a ce buhuna ne, kowannensu da hannu ɗaya zan jefa shi mota. Ban yi komai ba. Ƙafafuna suka saki, na zube a gaban masu shayi da 'yan acaɓa, suka ɗauki wayar suka tafi, ko gudu ba su yi ba. Rabi na jin komai kafin su kashe. Ba su yanke ni ba, mutane suka ce in gode Allah, na kuwa gode. Amma daga ranar, ko a masallaci wani ya dafa kafaɗata ta baya, sai gwiwoyina su kama rawa, rawar da ake gani ta cikin wando. Rabi ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Ni ma ban sake ɗaga waya a kan hanya ba.

Aikin da Alhaji ya turo ni yi a Gwanzu mai sauƙi ne ga mai lafiya. In kwantenarsa ta iso, in je siton da ke kusa da tashar jiragen ruwa in duba kayan da idona, kafin masu saye su ce ya lalace a hanya su karya masa daraja. Sai dai zuwa can sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda mutane ke manne da bayanka kamar an cusa ku a buhu, ka sauka ka hau bas, sannan ka bi lunguna da ƙafa. Ranar da na fara gwadawa ni kaɗai, a tasha ta biyu na fito, na jingina da bango ina zufa, na koma gida na ce ciwon ciki ne.

Malam Isiyaku ne ya riƙa raka ni. Dattijo ne mutumin Dawakin Tofa, ya daɗe a Chana yana tura wa 'yan kasuwa kaya, a ɗakinsa Alhaji ya sauke ni. Sau bakwai yana barin aikinsa ya tsaya a bayana cikin jirgi kamar katanga. Bai taɓa kai ƙarata ba, amma magana ba ta ɓuya. Wata rana Alhaji ya kira.

"Sunusi, ban tura ka Chana don a riƙa yi maka rakiya kamar amarya ba," in ji shi. "Daga nan zuwa Babbar Sallah, in ba za ka iya fita kai kaɗai ba, ka dawo. Ga Dawanau nan, buhu bai ƙare ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ne ma ya fi min ciwo. Wata biyar ke nan ya ba ni. Na tuna ƙauyenmu, inda gonar wannan ke shiga ta wancan, danga ɗaya ke raba gida da gida. A can ba a ɓoye dalilin dawowar mutum. Kafin in ajiye jaka, har matan da ke bakin rijiya za su san tsoro ne ya koro ni.

Malam Isiyaku yana gefe yana yanka albasa, ya ji komai. Ya ce, "Kai ma da abin haushi, Sunusi. Kana zaune a ƙasar masu tashi sama, kana tsoron ɗan adam? Je ka su koya maka kungfu mana."

Da wasa ya faɗa, ni kuwa na riƙe. Muna yara, duk ranar kasuwar Kunci sai mun san yadda muka yi muka shiga gidan kallo, mu dawo gona muna ihu muna karya karan dawa da ƙafa. A lokacin na ɗauka duk ɗan Chana da kungfu ake haihuwarsa. Sai da na ga wani babban mai sayen riɗi ya haye kan buhuna a Dawanau saboda rago ya biyo shi, sannan na rage tsammani. Duk da haka na ce a raina, a ƙasa mai yawan mutane haka ba za a rasa wanda ya iya na gaske ba.

Makarantar farko a waya na samo ta. Tana hawa na huɗu a wani katafaren kanti, tafiyar bas ɗaya daga gida, bas ɗin da nake zama a kujerar ƙarshe don kada kowa ya kasance a bayana. Ko'ina madubi, ko'ina fitila. Wata yarinya mai fara'a ta tarbe ni kamar ta san ni, kafin in gama sallama har an auna ni an sa min riga da wando na rawayen siliki. Aka kunna kiɗa. Muka yi ta ɗaga ƙafa muna juya mafici, muna wasa da wani takobin gwangwani da ke karkarwa kamar murfin langa. Malamin saurayi ne kyakkyawa, yana tashi sama ya juya sau biyu ya dira ba ƙara. Wallahi abin na da kyau a ido, ba zan ci haƙƙinsa ba.

A mako na uku na tare shi, na rubuta tambayata a manhajar fassara ta waya don kada a samu kuskure. Na ce, in mutum ya shaƙe ni ta baya, wanne daga cikin abubuwan nan zan yi? Ya karanta, ya yi murmushi, ya rubuto min amsa: "Ka kira 'yan sanda." Sannan ya ce in ɗaga ƙafa za a yi hoto.

Bayan kwana huɗu Malam Isiyaku ya shigo ɗaki yana dariya har da hawaye. Ya miƙo min wayarsa. Ga ni nan a wani ƙaton allon talla a ƙofar kantin, cikin rawayen siliki, ƙafa ɗaya a sama, baki a buɗe. Wai a ƙasa an rubuta cewa har daga Afirka ake zuwa koyo a wurinsu.

"Ranka ya daɗe, sarkin yaƙin Kunci!" in ji shi. "In tura wa mutanen gida?"

Na roƙe shi don Allah don Annabi ya goge. Rigar kuwa tana nan har yau, ita nake shimfiɗawa in shanya kuɓewa.

Ta biyu ta fi ta farko muni, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Na ce tunda waɗancan rawa suke yi, bari in nemi masu duka. Wani ɗan tasi ya kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin bene, samari majiya ƙarfi suna naushin juna. Da suka gan ni sai wuri ya ɗauki murna. Ashe a wurinsu duk baƙar fata ɗan dambe ne. Ba wanda ya koya min komai, safar dambe kawai aka zura min, aka tura ni fili da wani, sauran suka ɗaga wayoyi. Ban kai minti biyu ba na ji ƙasa. Na dawo gida da haɓo da kumburarren ido, na tabbatar da cewa ana iya dukan mutum ta gaba ba tare da an cire masa tsoron baya ba.

Daga nan na zauna. Lokacin ya zo daidai da bikin sabuwar shekararsu, gari ya yi fayau, kowa ya tafi ƙauyensu wurin iyayensa. Ban taɓa jin kewa irin ta waɗannan kwanakin ba. Rabi ta turo saƙon murya, a bayanta ina jin ana daka, ina jin akuyarmu mai baƙin kunne tana kuka, ƙaramar 'yata na tambaya ko Baba ya iya tashi sama tukuna. Na saurara sau ya fi goma. Na ji ina son tuwon dawa miyar kuka, wanda ya kwana aka ɗumama. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

A ƙasan benenmu akwai shagon taliya na wasu Musulmin Chana, miji da mata, 'yan arewacin ƙasar. Su ba su tafi gida ba a shekarar. Matar sunanta Ma, dattijuwa ce mai ɗankwali baƙi, muna ce mata Inna Ma. Kullum a nan nake ci, kullum a kujera ɗaya, wadda ke jingine da bango. Ran nan na tarar wani ya riga ni, na zauna a tsakiya. Mijin ya zo ta bayana da kwano, ya dafa ni don in matsa. Na zabura, romo ya kife a kaina da shi, gwiwoyina suka hau dukan ƙafar tebur har cokula na ƙara.

Inna Ma ba ta yi dariya ba. Ta kawo tsumma ta goge, ta sake zubo min wata, ta ja kujera ta zauna tana kallona har na gama ci. Sannan ta ce, a hankali yadda zan gane, "Gobe bayan sallar asuba ka sauko. Za ka riƙe min kwando."

Da safe ta sa ni a gaba, ita a baya, muka shiga titin nan na bayan gida. Muka ratsa masu lemo, muka ratsa kasuwar kifi, ta tura wata ƙofar ƙarfe da tsatsa ta ci. Farfajiya ce ta siminti, ba ta fi shigifa uku ba, da igiyar shanya da tukwanen fulawa. Mutum bakwai na tsaye a ciki, ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, kamar suna zaune a kan kujerar da ba a gani. Babu madubi, babu kiɗa, kowa da kayan da zai tafi aiki da su. Wata biyu ina neman abin da ke ƙasan tagata.

Mai wurin sunansa Liyan. Ya haura saba'in, gajere, da farar singileti da silifas na roba. Maɗori ne, unguwar duka wurinsa ake kawo karaya da targaɗe, kungfu ɗin da safe kawai yake koyarwa. Inna Ma ta yi masa bayani. Ya zagayo ta gabana, ya miƙa hannu ya shafa bayan wuyana, inda kantar dako ta zauna. Sai ya juya ya nuna min nasa wuyan. Irin kantar ce sak.

"Buhu?" ya tambaya.

"Buhu," na ce.

Ashe shekara talatin ya yi yana dako a tashar jiragen ruwa. Ya yi dariya, haƙoransa ba su fi shida ba, ya nuna min gefen wani mai sayar da kifi da ake kira Afai, babban ɗalibinsa, ya ce in tsaya yadda ya tsaya. Daga ranar na koma ce wa Liyan Malam.

Mako shida ban koyi komai ba sai tsayuwa. Cinyoyina su yi zafi kamar an zuba barkono, shi kuwa Malam yana zagaye a bayanmu, silifas ɗinsa na ƙara, fat, fat, fat. Da na ji ƙarar ta nufo ni sai rawar ta tashi. Ya tura ni da yatsu biyu, in tafi ƙasa. In tashi, ya zagaya, ya dawo. Har azumi ya kama muna haka. Da ya gane ba na shan ruwa, bai rage min tsayuwar ba, amma ya mayar da ni ƙarƙashin inuwar shanya, ya kuma hana kowa shan shayi a gabana. Da magariba Inna Ma na ajiye min romo da dabino uku.

Wata safiya bayan na faɗi, ya tsuguna kusa da ni. Da ɗan yarena da hannu da taimakon Afai muka yi maganar.

"Buhu ta ina yake zuwa wa ɗan dako?"

"Ta baya, Malam."

"Ya fi ɓarawonka nauyi?"

"Nesa ba kusa ba."

"To me ya sa ba ka faɗuwa?"

Na ce don na san yana zuwa. Ya ce in nuna masa yadda nake karɓarsa. Na tashi na ware ƙafa, na sauke ƙugu, na manna haɓa da ƙirji, na fitar da numfashi, yadda duk ɗan dakon Dawanau ke yi ba tare da ya yi tunani ba. Ya buga cinyata ya ce shi ke nan, abin da yake nema ke nan, jikina ya sani tun tuni, ni ne na manta. In haɓa na ƙirji, hannu ba ya samun maƙogwaro. In ƙugu na ƙasa, ba mai ja na baya. Daga nan ya koya min abu uku kacal: in kama hannun, in juya, in gudu.

"In gudu, Malam?"

"'Ya'yanka nawa?"

"Uku."

"Ka gudu."

Na samu sauƙi, amma ban warke ba. A farfajiya, in na san Afai ne zai kama ni, ina yi daidai. A jirgi kuwa tasha huɗu nake iya yi, a ta biyar rawar ta dawo, alhali siton na tasha ta goma sha ɗaya. Ga Sallah saura kwana goma sha biyu, ga kwantenar Alhaji na kan ruwa, ga Malam Isiyaku ya yanki tikiti zai je gida yin layya. A can gida an yi ruwan shuka, ƙanena ya shuka min gero. Na fara tunanin wataƙila da hannuna zan yi noman farko.

Ana haka Afai ya tare ni a bakin teburin kifinsa, fuskarsa cike da murna. Ya ce ranar Lahadi ake tunawa da malamin Malam, kuma a ranar Malam zai karɓi mutum uku su zama 'ya'yan gida, a rubuta sunansu a jan littafin da ke ɗauke da sunayen malamai da ɗalibai tun kakanni. Ni ne na ukun. Ba a taɓa rubuta baƙo ba. Na ji daɗi ƙwarai, sai na tambaye shi yadda ake yi. Ya ce abu ne mai sauƙi: ka kunna turaren tsinke a gaban hoton marigayin, ka durƙusa, ka sa goshi a ƙasa sau uku, ka juyo ka yi wa Malam haka, ka miƙa masa shayi.

Ni ɗan ƙauye ne, durƙuso ba baƙona ba ne. Ban taɓa gaida mahaifina a tsaye ba. Amma goshi a ƙasa, wannan na Mai shi ne.

Malam Isiyaku ya ce, "Babu wata fatawa a nan, ka sani na sani. Kawai kada ka je. Ka ce ba ka da lafiya, in an kwana biyu ka daina zuwa gaba ɗaya. Gwanzu da faɗi."

Ban iya ba. Mutumin da ya hana ɗalibansa shan shayi saboda azumina, ba zan ɓace masa kamar ɓarawon kaza ba. Amma kuma ban iya zuwa na kalli idonsa na ce a'a ba, don a wurinmu ba a yi wa babba haka. Aike ake yi. Sai na yi abin da na sani: na sami Afai, na yi masa bayani dalla-dalla, na roƙe shi ya kai wa Malam uzurina cikin ladabi. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa to, to, ba komai. Na tafi hankalina kwance. Abin da ban sani ba shi ne, a wurinsu ma ƙarami ba ya ɗaukar irin wannan saƙon ya kai wa babba. Afai ya haɗiye abinsa, yana ganin kunya ce ke damuna, in na ga jama'a zan bi sahu.

Ranar Lahadi da hantsi na tarar an wanke farfajiya, an kafa jan tebur, ga hoton wani tsoho, ga lemo an jera. Mutum ya kai talatin, har da tsofaffin ɗalibai masu furfura da ban taɓa gani ba. A irin wannan rana gasasshen alade suke ci, amma saboda ni Malam ya sa Inna Ma ta dafa kaji. Da na ga kajin sai na ji daɗi. Da na ga matasai uku na durƙuso a ƙasa, ba biyu ba, sai na gane saƙona bai isa ba.

Na farko ya yi, na biyu ya yi, aka tafa musu. Aka kira sunana. Na fito na tsaya a gaban matashin, Malam na zaune a kujera yana murmushi da haƙoransa shida. Wani ya miƙo min turare, ban karɓa ba. Na tattaro duk yaren da na tsinta a Dawanau na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ƙafata da hannuna kai ka gyara su, ka aike su duk inda kake so. Amma goshina ba na sa wa kowa a ƙasa sai Allah. Ko uban da ya haife ni."

Murmushin Malam ya ɗauke. Wani tsoho ya yi tsaki ya faɗi wata kalma da na sani sarai, don tana cikin na zagin.

Sai na ji takun dogon takalmin roba a bayana, da sauri, yana nufo ni. Afai ne, kunya ta rufe shi, yana so ya gyara abin da ya ɓata kafin a gane laifinsa ne. Ya cafki wuyana ta baya da hannun nan nasa mai ƙarnin kifi, ya danna ni da dukkan ƙarfinsa don in durƙusa. Ban san zai zo ba. Ban kuma yi tunanin komai ba. Haɓata ta sauka, ƙuguna ya sauka, numfashi ya fita. Afai ya rataye a bayana yana nishi kamar buhun gero, ni kuwa ina nan inda nake. Na kama hannunsa, na juya, na ajiye shi a gefe a hankali, yadda ake sauke kayan da ba a so su fashe. Abu na ukun ne kawai ban yi ba. Ban gudu ba.

Da na ɗago, Malam ba fuskata yake kallo ba, gwiwoyina yake kallo. Ni ma na duba. Wandona a tsaye yake cak.

Ya tashi, ya zagaya bayana, fat, fat, fat. Ya tura ni, ba da yatsu biyu ba, da tafin hannu gaba ɗaya. Ban motsa ba. Ya dawo ya zauna, ya daɗe yana kallon hoton malaminsa. Sannan ya ce, "A garinku, yaya ɗa yake gaida ubansa?"

Na tuɓe takalmi na ajiye nesa. Na cire hula na riƙe, sai na tuna a gida ba a cirewa, na mayar. Na matso ta gefensa na tsuguna, na sunkuyar da kai, na ce da Hausa, "Baba, ina kwana? An tashi lafiya?" Na ɗauki ɗan kofin shayin da hannu biyu na miƙa masa. Hannuna ya daɗe a sama. Tsofaffi biyu suka tashi suka fice, suka bugo ƙofar ƙarfen. Sannan na ji an karɓi kofin. Ya shanye.

Ba a rubuta sunana a jan littafin ba, kuma ba za a rubuta ba. Malam ya gaya min da kansa: littafin ba nasa ba ne shi kaɗai, yana da ƙa'ida, kamar yadda goshina ke da tasa. Abin ya yi min ciwo, na ga shi ma ya yi masa. Amma da zan tafi ya cusa min cinyar kaza a hannu ya ce, "Gobe kada ka makara." Afai kuwa mako guda yana aiko min da kifi ta hannun Inna Ma kafin ya iya haɗa ido da ni.

Ranar Laraba kwantena ta iso. Malam Isiyaku yana can Dawakin Tofa yana taya rago. Na shiga jirgi ni kaɗai a lokacin cunkoson safe, wani ya manna jakarsa a bayana, wata na numfashi a wuyana. Na ware ƙafa na sauke ƙugu kaɗan, ina ƙirga tashoshi. A ta biyar zuciyata ta buga, na saurari gwiwoyina, shiru. A sito mai sayen ya ce riɗin ya sha danshi. Na zura hannu cikin buhu shida na murza na shinshina, na ce masa ya nemi wani dalilin, wannan kayan a bushe suke ƙayau. Na tura wa Alhaji hoto. Ya amsa da kalma biyu: "Madalla, Sunusi."

Da na fito, a lungun da ke zuwa tashar bas, ma'aikata na ta wuce ni ta baya da sauri, na ciro waya na kira Rabi.

"Baban Hafsa, lafiya? Ina kake haka nake jin hayaniya?"

"Ina kan titi."

"Kai da Malam Isiyaku?"

"Ni kaɗai."

Ina jin akuyar nan mai baƙin kunne a bayanta. Sai na ji ta ja hanci.

"To kada ka kashe," ta ce. "Yi ta tafiya, ina ji."